Rumbun ajiyata ya cika, ta ina zan fara ƙara masa faifai?

Mamman mai hoto, Yantala:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a ɗakina wadda Nasiru ya mayar mini rumbun ajiya shekara huɗu da suka wuce. Manhajar TrueNAS mai tafiyar da rumbu ke kanta, faifai huɗu ne a ciki, kowanne TB 4, an haɗa su da tsarin RAIDZ1, wanda ke mayar da su wuri ɗaya mai jure mutuwar faifai guda. Wurin da take nuna mini duka-duka bai wuce TB 10.5 ba, yau da safe kuma na ga kashi 91 ya cika.

Biki shida na karɓi kafin alƙalaminsu, duka kuma za a yi su ne gabanin azumi. Da kyamara biyu nake zuwa kowane biki, 4K nake ɗauka, kowace kyamara tana cin GB 45 a awa. In an yi awa biyar ka ga GB 450 ke nan, ban ƙirga hotuna ba. Abin da ya rage a rumbun ba zai ɗauki fiye da biki biyu ba.

Jika 400 na ware. Allon kwamfutar bakin SATA, wato wurin jona faifai, shida gare shi: huɗu na faifan, ɗaya na ƙaramin SSD da tsarin ke kansa, ɗaya a buɗe. Niyyata in sayo manya, in riƙa zare tsoho ina sa sabo ɗaya bayan ɗaya. Haka ake yi, ko akwai hanyar da ta fi?

Nasiru:
Wa alaikumus salam yaya. Kar ka zare komai tukuna don Allah. Bara na sabunta maka tsarin, kuma tun daga fitowar TrueNAS 24.10 ana iya ƙara faifai guda a kan RAIDZ ba tare da an rushe shi ba. Ka sayi TB 4 guda ɗaya, mu sa shi a bakin nan na shida, ya zama na biyar. Ko rabin kuɗinka ba za ka taɓa ba.

Sa'adu:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Huɗu sau huɗu ai 16 ne. Ina sauran suka tafi har ya koma 10.5?

Malam Laminu:
Sa'adu, gwargwadon faifai guda yana tafiya ne wajen lissafin kariya, wanda da shi ake dawo da kaya in ɗaya ya mutu. Saura 12. Su masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024, don haka 12 ɗinsu a wajenta 10.9 ne. ZFS kuma, tsarin da ke jera fayiloli a kan faifan, tana riƙe wani ɗan abu don aikinta. Babu wanda ya cuce shi.

Mamman, niyyarka tana da matsala babba tun kafin a zo maganar haɗari. A RAIDZ, rukunin ba ya girma sai an canza faifan duka huɗun. Ko ka sa na TB 12 guda biyu, matuƙar akwai na TB 4 ko da ɗaya ne a cikinsu, kowanne TB 4 za a lissafa shi. Jika 400 kuwa, a yadda na bar farashi, na 12 guda biyu za ta saya maka, ko na 8 guda uku in an yi sa'a. Ka ga kuɗi sun ƙare, wuri bai ƙaru da ko tsinke ba.

Shawarar Nasiru tana aiki, amma a yi lissafi. TB 4 a raba da GB 450, biki tara ba su cika ba. Bayan babbar salla kana nan inda kake yau, kuma bakin SATA ya ƙare. Sannan ƙara na biyar yana nufin a karanta duk abin da ke kan tsofaffin huɗun a sake shimfiɗa shi, kwana da kwanaki suna juyawa ba hutu. Faifai biyar kuma, kariyar guda ɗaya ce har yanzu, domin ba a iya mayar da RAIDZ1 ya koma RAIDZ2, mai jure mutuwar faifai biyu, ta wannan hanya.

Tambayata ɗaya ce: ban da wannan rumbun, ina kayan nan suke kuma?

Mamman mai hoto, Yantala:
Malam, gaskiya babu. Akwai wani faifan USB na TB 4 da nake zuba wasu finafinan da na gama, amma rabona da shi tun damina. Na ɗauka tunda akwai kariya shi ke nan.

Malam Laminu:
To nan maganar take. Kariyar RAID tana tare mutuwar faifai guda ne kawai. Ba ta tare wuta in ta zo da ƙarfi ta ƙone su tare, ba ta tare ɓarawo, ba ta tare hannunka in ka goge abu bisa kuskure. Kuma lokacin da ka zare faifai mai lafiya ka sa sabo, kai da kanka ka cire kariyar. Dole a karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe, kusan TB 11, don a gina sabon. Takardar yawancin faifan gida tana cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin bit tiriliyan 100, wato wajen TB 12.5. Dubi yadda lambobin biyu suka kusanci juna. Sau huɗu kuma za ka maimaita wannan.

Rakiya:
Malam Laminu, Allah ya ƙara sani, amma wannan lambar ina ganin ana tsorata mutane da ita fiye da kima. Iyaka ce da kamfani ya rubuta don ya kare kansa, ba wai duk TB 12 sai an samu kuskure ba. In da haka ne, da babu wanda zai gama duba babban rumbu ba tare da ya ga ɓarna ba, mu kuwa kowane wata muna yi a wurin aiki. Sannan ZFS ba kamar tsofaffin katunan RAID ba ce da ke watsar da rukuni duka saboda gurbi ɗaya. Za ta gama aikin, ta ba ka sunan fayil ɗin da ya lalace.

Inda nake tare da kai shi ne kar ya zare. Ba ma dole ba ne. Bakin nan na shida amfaninsa ke nan: a sa sabon faifai a can, a ba da umarnin maye gurbi alhali tsohon yana ciki yana aiki. In an gama, tsarin da kansa zai saki tsohon. Kariya ba ta faɗi ko na minti ɗaya ba. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sai su fizge faifai mai lafiya don sun ga haka ake yi a bidiyo.

Malam Laminu:
Na karɓa, Rakiya. Lambar ba annabci ba ce. Amma fayil ɗaya a wurin aikinki ana dawo da shi daga kwafi. Fayil ɗaya a wurin Mamman yana iya zama ɗaurin auren wani ne, ba shi kuma a ko'ina.

Rakiya:
Wannan kam haka ne.

Alhaji Habu, Katako:
Mamman ɗana, ka zo shago. Akwai na TB 8 guda huɗu da suka zo mini cikin kaya, an ciro su daga injunan wani kamfani a waje. Kuɗinka za su isa har da canji. In ka sa huɗun ai maganar Malam ta warware, wuri ya ninka.

Ibro, Tawa:
Alhaji Allah shi ƙara arziki, ba kayanka nika kushewa ba, amma in ba Mamman labarin abin da ya same ni. Shekara biyu da sunka wuce na sayi biyu ga wani mutum, ya ce sabbi na, cikin leda. Na duba awoyin aiki, sifili. Wata huɗu guda ya hwara ƙara kamar ana daka. Da anka duba da kyau ashe an goge lissahin na, hwaihwan ya yi shekaru shina aiki. Tsoho in an ce tsoho na, ka san abin da ka saya. Wanda anka yi ma wanka anka ce sabo na, shi ad da haɗari.

Kuma ku yi maganar zahi. Nan Tawa cikin Afrilu da Mayu ɗaki shina kai 40 da wani abu, ku ma Yamai hakanan. Mamman, mi hwaihwanka ka nunawa da rana?

Rakiya:
Abin da ya sami Ibro ba shi kaɗai ba ne. A farkon 2025 an yi ta ba da rahoto daga Jamus da wasu ƙasashe cewa 'yan kasuwa suna sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan sun goge lissafin SMART, wato bayanan lafiya da awoyin aiki da faifai ke ajiyewa game da kansa. Abin da ya tona su shi ne faifan suna da wani littafin lissafi na biyu mai suna FARM, wanda ba a goge ba. Da manhajar smartctl 7.4 zuwa sama ana karanta shi: smartctl -l farm, sai sunan faifan. In awoyin SMART da na FARM suka saɓa, a mayar wa mai kaya kayansa.

Alhaji, in ka yarda a gwada su a gabanka, kuma ka ba da sati biyu na mayarwa, ni ban ga laifin tsohon faifan kamfani ba. Amma a duba lambar samfurin tukuna. Akwai na TB 8 na kwamfutar tebur da suke SMR, kamar BarraCuda mai lamba ST8000DM004. Irin waɗannan layukan rubutunsu hawa kan juna suke yi kamar jeren kwanon rufi, in za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Ajiya ta yau da kullum ba matsala, amma a sake ginin RAID sai su yi ta jan ƙafa, aikin yini ya koma na sati, wani lokaci tsarin ya ɗauka sun mutu ya fitar da su. A 2020 aka yi babbar hayaniya a kan haka da aka gano wasu WD Red na TB 2 zuwa 6 SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, ya kira su Red Plus. Wanda ake nema shi ne CMR: Red Plus, IronWolf, Toshiba N300, ko na kamfanoni irin Exos da Ultrastar.

Alhaji Habu, Katako:
'Yata, gwaji ban hana ba, ku zo da kwamfutarku. Sati biyu dai ya yi yawa, ni ma bashi na ɗauko kayan. Kwana uku.

Malam Laminu:
Kwana uku ba su isa a gwada faifai huɗu masu TB 8 a injin da ke da baki ɗaya a buɗe ba, Alhaji. Dogon gwajin SMART kaɗai na kowanne ya haura rabin yini.

Hajiya Zainabu:
Ni duk wannan lissafin naku ban iya shi ba, amma shekara goma sha ina riƙe da shagon buga takardu da wankin hoto, na san cikar faifai. Mamman ƙanena, in tambaye ka tsakani da Allah. Bikin da ka ɗauka a 2021, ka tace, ka ba masu shi, sun biya ka, me kake yi da ɗanyen GB 450 ɗinsa har yau? Fim ɗin da ka miƙa musu nawa yake ci, GB 10? Ka riƙe wannan, ka share ɗanyen. Rumbu in ya cika ba sabon rumbu ake fara ginawa ba, dubawa ake yi a ga me ke ciki. Jika 400 kuɗin makarantar yara ne.

Mamman mai hoto, Yantala:
Hajiya, na sha yin wannan tunanin, har na taɓa zaɓar manyan fayiloli zan goge na fasa. Bari in gaya miki dalili. Bara wani saurayi ya zo mini daga Talladje, na ɗauki bikin yayarsa shekara uku kafin nan. Mahaifinsu ya rasu. A fim ɗin da na ba su, tsohon bai fi daƙiƙa ashirin ba, don ni lokacin amarya da ango nake bi. Ya ce ko akwai saura? Na buɗe ɗanyen kyamara ta biyu, sai ga tsohon zaune a tabarma minti goma sha ɗaya yana yi wa 'yarsa nasiha yana sa mata albarka, muryarsa tar. Yaron nan a ɗakina ya zauna ya yi ta kuka. Ba su da muryar mahaifinsu a ko'ina sai nan. Tun ranar ban ƙara iya goge ɗanyen biki ba. Ban san wanne za a dawo nema ba.

Hajiya Zainabu:
Allah ya jiƙansa. Na fahimta, na janye maganar sharewa. Amma fa wannan labarin naka shi ya ƙara nuna abin da Malam ya faɗa. Amanar mutane ce kake riƙe da ita a akwati ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Nasiru:
Akwai tsaka-tsaki yaya. Ɗanyen da ya haura shekara biyu a matse shi zuwa tsarin bidiyo na H.265 da manhajar HandBrake, ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Zai ragu sosai, ido kuma da wuya ya ga bambanci. Tsohon da muryarsa suna nan. Sai dai aikin yana cin lokaci da wuta, a riƙa yi kaɗan-kaɗan.

Sa'adu:
Me zai hana ya tura su intanet kawai?

Rakiya:
Yi lissafi Sa'adu. TB 10 a layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa, ba yankewa dare da rana, wata uku ne cur. Ban da kuɗin layin da kuɗin hayar wurin duk wata. Hotuna da finafinan da aka gama, wataƙila. Ɗanye kam a'a.

Mamman, kafin a ci gaba da gardama, shiga ka karanto mana SMART na faifan huɗu. Lamba 9 ta awoyin aiki, 194 ta zafi, sai 5, 197 da 198 na gurabe masu matsala. Karantawa kawai, kar ka tayar da wani gwaji.

Mamman mai hoto, Yantala:
Ga su. Awoyin aiki duka wajen 19,000 ne, don nakan kashe ta da dare. Zafi yanzu ƙarfe uku na rana: 49, 52, 53, 50. Na ɗaya, na biyu da na huɗu, lamba 5 da 197 da 198 duk sifili. Na uku kuma lamba 5 tana nuna 8, lamba 197 tana nuna 24.

Malam Laminu:
Alhamdu lillahi da ka tambaya kafin ka taɓa. Na ukun nan ya fara tafiya. Takwas ɗin gurabe ne da suka lalace ya riga ya sauya su da na ajiya. Ashirin da huɗun kuwa gurabe ne da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa. A yanzu sauran ukun ne ke rufa masa asiri. Da ka fara da zare na ɗaya kamar yadda ka yi niyya, da babu mai rufawa.

Nasiru:
Subhanallah. Laifina ne yaya, ban haɗa maka saƙon gargaɗi ba. Kuma duban da tsarin ke yi da kansa tsakar daren Lahadi aka saita shi, kai kuma kana kashe ta da dare, ka ga bai taɓa gudana ba ke nan. In tayar da shi yanzu?

Rakiya:
A'a Nasiru, kar ka tayar. Duban nan karatun faifai ne gaba ɗaya, in na ukun yana da sauran numfashi na karatu ɗaya, gara a kashe shi wajen kwashe kaya. Kwafi tukuna, dubawa daga baya. Maganar ƙara na biyar ma a ajiye ta, ba a faɗaɗa gini a kan bangon da ya tsage.

Ga abin da zan yi in ni ce. Yau ɗin nan, hotuna da finafinan da aka gama a zuba su a faifan USB ɗin, iya abin da ya ɗauka. Sannan a sayi na TB 12 guda biyu, a yi musu rukuni nasu daban, tagwaye, kowanne kwafin ɗan'uwansa. Za su ba da wajen 10.9, kayanka kuma wajen 9.5 ne, za su shiga. Na ce rukuni daban, a kula. TrueNAS za ta ba ka zaɓin liƙa su a jikin tsohon rukunin don ya zama wuri ɗaya babba. Kar ka karɓa. In aka liƙa a rukunin da ke da RAIDZ ba a iya cirewa, kuma in tsofaffin suka faɗi, da sababbin za su tafi.

Mamman mai hoto, Yantala:
To amma baki ɗaya ne a buɗe, faifai kuma biyu. Sannan in na kwashe 9.5 na zuba a 10.9, ina ƙarin wurin? Ai na cika sabon ne kawai.

Rakiya:
Ƙarin yana zuwa daga tsofaffin. In kaya sun koma sabon, an duba an tabbatar, sai a rushe tsohon rukunin, a fitar da na uku, a sa sabon TB 4 a madadinsa, a sake gina su a matsayin RAIDZ2. Za ka samu wajen 7 fanko, mai jure mutuwar faifai biyu. Jimla kusan 18 ke nan maimakon 10.5. Na TB 4 ba wuyar samu, masu sayar da kyamarar tsaro suna da WD Purple, CMR ne, zai yi.

Malam Laminu:
Ni da so samu ne, ba za a rushe tsohon ba sai akwai kwafi na biyu na komai. Tagwaye ma a akwati ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha. Amma na san aljihu, kuma tsarin Rakiya ya fi duk abin da aka faɗa. Sharaɗina, faifan USB ɗin nan ya bar gidan. Ka kai shi wurin wani naka.

Maganar baki, ana sayen ƙaramin kati mai ƙara bakin SATA a sa a ramin PCIe na allon kwamfutar. Mai ASM1166 ko JMB585 ya wadatar. Ka guji masu baki goma ko ashirin a kan ɗan siririn rami, raba layi ɗaya suke yi, ZFS ba ta jituwa da su. Katin LSI 9211-8i shi ne aka fi yarda da shi, amma an yi shi ne don injin da iska ke ratsawa da ƙarfi, a ɗakin da ba sanyi sai an ɗaura masa fanka.

Nasiru:
Katin sai an aiko daga Kano ko Dubai, zai ɗau lokaci. Kafin nan zan mayar da SSD ɗin tsarin kan USB da 'yar wayar canji, baki biyu sun samu ke nan.

Ibro, Tawa:
Ku duba akwatin wutar injin ma. Hwaihwai guda in shina tashi shina jan wajen amfiya 2 ga layin bolt 12, shida in sunka tashi tare kusan wat 150 na nan take. Tsohon akwati na iya kasawa. Kuma kak ku sayi wayoyin nan masu arha da ka maida Molex zuwa SATA, waɗanda anka narka robar bisa waya, suna kama wuta.

53 kuwa ya yi yawa, ko da takarda ta ce suna jure 60. Ni fanka biyu masu santimita 12 na sa gaba, suna hura ma hwaihwan kai tsaye, na bar tazarar yatsa tsakaninsu, na yanki tsohon gidan sauro na rufe bakin don ƙurar hunturu. Duk Juma'a ina kakkaɓe shi. Na sauko daga 51 zuwa 42. Kuma ka ɗauke injin daga ƙasa ka aza bisa tebur.

UPS hwa, batirin da ka riƙe inji in an ɗauke wuta? Kwahin ga ya hi yini guda, kuran, wato wutar lantarki, kuwa ba ya jiranka.

Mamman mai hoto, Yantala:
Akwai ƙarami, yana riƙewa kamar minti goma. Ban taɓa haɗa wayar USB ɗinsa da injin ba.

Rakiya:
Haɗa ta. A cikin TrueNAS akwai sashen UPS, a saita ta kashe kanta in ta yi minti uku a kan batir. A yi kwafin da aikin ZFS na tura rukuni gaba ɗaya zuwa wani rukuni, ba ja-ka-ajiye daga wata kwamfuta ba, domin shi in ya yanke yana ci gaba daga inda ya tsaya. Sababbin kuma a gwada su kafin a ɗora musu komai: a cika su da rubutu sau ɗaya, a yi dogon gwajin SMART, a sake duba lamba 5 da 197. Faifan da ya sha jijjiga a hanyar mota yakan nuna halinsa a kwanakin farko.

Alhaji Habu, Katako:
To shi ke nan, tunda na 12 kuka tsayar, ni ba ni da su. Allah ya sa albarka. Fanka dai akwai, da wayoyin SATA masu maƙalli.

*Bayan kwana goma sha ɗaya*

Mamman mai hoto, Yantala:
Jama'a ga inda aka kwana. Na samu na 12 guda biyu, awoyinsu na SMART da na FARM sun yi daidai, gwaji ya ci kwana huɗu, babu ko ɗigo. Kwafin ya ɗauki yini ɗaya da rabi. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyun injin ya kashe kansa lafiya, da aka kawo Nasiru ya tayar ya ci gaba. Biki ɗaya na yi a tsakani, na bar shi a katunan kyamara da kwamfutar aiki, ban zuba a tsohon ba.

Da aka gama na duba halin tsohon rukunin. Faifai na uku ya yi kuskuren karatu 37 a lokacin kwafin, lamba 197 ta hau daga 24 zuwa 112. Amma a ƙasa an rubuta babu fayil ɗin da ya lalace. Mun duba sabon rukunin gaba ɗaya, sifili. Faifan USB yana Harobanda wurin yayana, na ce duk ƙarshen wata zan karɓo in sabunta in mayar. Da fanka biyun Ibro zafi ya sauko 43 da rana.

Malam, Rakiya, Hajiya, Ibro, Allah ya saka da alheri. Gobe za mu rushe tsohon in sha Allahu.

Malam Laminu:
Madalla. Kafin ku rushe, buɗe fayiloli da hannunka daga sabon, ka ɗauko na kowace shekara ka kalla. Kuma ku karanta lambar jikin faifan, ku gwada da wadda tsarin ya nuna, kar a ciro mai lafiya a bar maras lafiya. Na uku a allo ba lallai shi ne na uku a akwati ba. Nasiru, lokacin duban nan a mayar da shi rana, a haɗa saƙon gargaɗi.

Nasiru:
An yi Malam. Asabar ƙarfe tara na safe na sa, saƙon kuma yana zuwa wayata da ta yaya.

Sa'adu:
Yaya Mamman, in ba ka da amfani da na ukun ka ba ni, in sa finafinai.

Hajiya Zainabu:
A'a Sa'adu, ka yi haƙuri. Mamman, faifan nan akwai matan mutane a ciki, ranar lalle, ranar kamu, cikin ɗaki ba mayafi. Sun yarda da kai ne suka bar ka ka shiga. Kar ya fita hannunka da rai.

Rakiya:
Gaskiyar Hajiya. Ko da yake guntu-guntu ne ke kan kowane faifan RAIDZ, ƙananan hotuna da sassan fayiloli suna iya fitowa ga wanda ya iya nema. Faifan da ke kasa karatu kuma ba a tabbatar da gogewarsa ta kai ko'ina. A huda shi, rami uku ko huɗu, su ratsa farantan ciki.

Alhaji Habu, Katako:
Kawo shi in za ka zo karɓar wayoyin. Maƙwabcina mai walda yana da injin huda, a gabanka za a yi.

Mamman mai hoto, Yantala:
To Alhaji, ina nan tafe bayan la'asar. Ka ajiye mini wayar SATA guda biyu masu lanƙwasasshen kai, na ƙasan nan murfin akwatin yana danne su.